Kafin a Raba Takarda, Sai an Tsallaka Titi

(Kiɗan buɗe shiri. A sassauta.)

Abokan aikina malaman makaranta, sannunku da ƙurar alli. Direbobi da 'yan sahu da ke jin mu a tasha ko a kan hanya, Allah ya tsare, ya ba da kasuwa. Ku kuma 'yan aji shida da jarrabawa ta sako a gaba, ku ɗan rufe littafin nan ku matso kusa da rediyo, don shirin yau naku ne.

Mai hali ba ya fasa halinsa. Na daɗe ina koyar da lissafi, saboda haka da tambaya zan buɗe. Mota tana tafiya a kan kilomita 50 a awa guda, wato gudun da doka ta yarda da shi a cikin gari, ba gudun ganganci ba. A cikin daƙiƙa ɗaya tak, mita nawa ta ci? Kada wanda ya ɗauko kalkuleta. Ku riƙe amsarku a zuci, zan dawo kanta. Bari tukuna in gaya muku abin da ya sa nake yawan yi wa ɗalibai wannan tambaya.

Shekarun baya na koyar a wata makarantar je-ka-ka-dawo da ke bakin babban titi a nan Kano. Akwai wata yarinya a aji shida, 'yar shiru-shiru, wadda idan na rubuta lissafi a allo kafin in juyo ta gama. Shekara uku muna shirin WAEC da ita. Mahaifinta ɗan tireda ne, da guminsa ya biya kuɗin rajista. Daren jajibirin takardar lissafi ta kwana tana bita, sai bayan asuba barci ya sace ta. Da ta farka rana ta ɗaga. Ta zuba da gudu, ta tari ɗan sahu, ya sauke ta a ɗaya hannun titin, daura da ƙofar makaranta. Tana hango 'yan uwanta ana tantance su suna shiga, sai ta yanko titi ta bayan wata motar da ke tsaye. Mai babur da ya taho bai gan ta ba sai da ya zo kanta.

Allah ya yi da sauran kwana. Hannun dama ne ya karye, hannun rubutu. Da yamma da na je duba ta a asibiti, kafin ma in yi mata sannu sai ta ce, "Malam, tambayoyin sun yi wuya?" Na rasa abin da zan ce mata, domin tambayoyin ba su yi wuya ba, irin waɗanda take ci da ido rufe ne. WAEC ba ta sake zama saboda mutum ɗaya. Sai da shekara ta zagayo, kuma kun san abin da jiran shekara guda yake nufi ga budurwa a garuruwanmu. Ta yi sa'a mahaifinta mai son karatu ne, ya jira.

A ranar, a bakin ɗakin marasa lafiya, dattijon nan ya kama hannuna ya ce, "Malam, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Na ce haka ne, Baba. Kuma har yanzu haka na yi imani. Sai dai malamanmu sun karantar da mu cewa ɗaure raƙumi ba ya warware tawakkali. Abin da ya tsaya mini a rai a hanyar komawa gida shi ne wannan: na koya wa yarinyar nan lissafin gudu da nisa da lokaci har ta fi ni sauri, amma ban taɓa fita da ita ƙofar makaranta na nuna mata cewa lissafin nan a kan kwaltar da take tsallakawa kullum yake aiki ba. Wannan laifina ne, ba na ƙaddara ba.

To, mu koma kan tambayarmu. Kilomita 50 mita 50,000 ke nan, awa guda kuma daƙiƙa 3,600 ce. Idan ka raba, za ka samu kusan mita 14. Wato taku 14 manya na babban mutum, a daƙiƙa ɗaya. Direba lafiyayye, wanda bai sha komai ba, ba ya danna waya, yana buƙatar kamar daƙiƙa guda daga lokacin da idonsa ya gan ka zuwa lokacin da ƙafarsa ta hau birki. A wannan daƙiƙar motar ba ta rage ko ƙiris ba, ta ci mita 14 ɗinta cur. Sannan birkin ya kama, a busasshiyar kwalta, da tayoyi masu kyau, ta ƙara jan wasu mita 14. Jimilla wajen 28 ke nan. Yanzu ninka gudun ya zama 100, irin wanda ake yi a hanyar Kano zuwa Zariya. Mutum zai zaci nisan birki ninki biyu zai zama. A'a, ninki huɗu ne, mita 55 ko fiye, ban da mita 28 da suka tafi kafin a taka. Ka ga an haura mita 80, an kusa tsawon filin ƙwallo. Idan ruwa ya jiƙa titi, kamar yadda yake yi a watannin da ake rubuta WAEC da NECO, ko kuwa tayar ta suɗe kamar tafin hannu, lissafin ya ƙara tsawo. Saboda haka ɗana, idan ka ce a ranka "ai ya gan ni, zai tsaya", ka sani ko da ya gan ka, ko da yana son tsayawa, ƙarfe ba ya jin magiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a faɗin duniya. Ta kuma ce babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ku duba shekarun nan da kyau: 'yan firamare, 'yan sakandare, 'yan jami'a, ɗalibanmu ne kaf. Ta ƙara da cewa idan mota ta buge mai tafiya a ƙasa tana gudun 65 maimakon 50, yiwuwar ya mutu ta ninka sau huɗu da rabi. Bambancin 15 kacal, abin da direba ba ya ko lura da shi a kan allura.

Ga wani abu da ko manya ke ruɗewa a kansa. Idan ka tsaya za ka tsallaka, ina za ka fara dubawa? Akwai dattawa da za su ce dama, kuma ba su yi ƙarya ba, a zamaninsu haka ne. Sai dai ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta sauya hannun tuƙi, motoci suka bar hannun hagu irin na Ingila suka koma dama, kamar maƙwabtanmu na Nijar da Kamaru da Chadi. Tun daga ranar, motar da ta fi kusa da kai idan kana bakin titi daga hagunka take tahowa. Saboda haka hagu, sannan dama, sannan ka sake duba hagu, sannan ka tsallaka da tafiya mai ƙwari, ba da gudu ba, don mai gudu shi ke tuntuɓe. Kuma ko a titi mai hannu biyu da aka raba da kankare, kada ka yarda ka duba gefe ɗaya kawai. Kai ma ka san halin mutanenmu da bin wan-we. Inda aka gina gadar masu tafiya a ƙasa, a hau ta. Na san da gajiya, na san wasu an mayar da su kasuwa, wasu ma abin da ake yi a kansu ba ya faɗuwa a rediyo. Duk da haka matakala arba'in ta fi gadon asibiti sauƙi.

Inda babu gefen tafiya, ka bi hannun hagu, kana fuskantar motocin da ke tahowa, don abin da ido ya gani ƙafa na iya kauce masa. Kada ka fito ta gaba ko ta bayan motar da ke tsaye, wannan shi ya ci ɗalibata. Tirela da tanka kuwa a ba su girmansu. Direbansu yana can sama, akwai wurare a gefensa da gabansa da ko kaɗan ba ya gani. Idan ba ka hango fuskarsa a madubinsa ba, to shi ma ba ya ganinka. Sai maganar iyafis. 'Yan mata, ina ganinku, an cusa shi a ƙarƙashin hijabi ana sauraron waƙa, wasu har karatun Alƙur'ani suke ji, abin kirki. Amma kunne rabin ido ne a kan titi. A cire shi sai an shiga gida.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano a Janairun 2013, adaidaita sahu ya zama motar makarantar talaka. Da safe za ka ga an loda yara takwas, tara, biyu a gefen direba, wani ƙafarsa tana lilo a waje, jakunkuna a rataye. Abu mai ƙafa uku ba shi da wuyar kifewa a kwana, kuma ba shi da ƙofa. Iyaye mata, na san kuɗin mota ne ya yi tsada shi ya sa ake haɗa su, ba rashin so ba ne. Abin da za ku iya ba tare da kashe ko sisi ba shi ne ku san direban, ku gaya masa ƙananan su zauna a tsakiya, kuma ya riƙa sauke su ta hannun dama, a gefen da makarantar take, ko da zai zagaya ta shataletale. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa kuwa har yau babur ne, kuma a nan maganar hular kwano ta shigo. Waɗanda suka manyanta za su tuna Janairun 2009, da aka fara tilasta sanya ta, yadda wasu 'yan acaɓa suka kifa ƙoƙo a ka suka ɗaure da igiya, har labarin ya zaga duniya. Mun yi dariya a lokacin. Amma kan da ka shekara 12 kana zuba masa karatu, ka ba shi ƙoƙon shan fura ya tsare?

Sai ranar kandi. Ranar da aka rubuta takarda ta ƙarshe, aka ɓata fararen riguna da maka, samari suka karɓo motar Alhaji ko mashin ɗin yaya, aka cika har saman but, ana juyi a tsakiyar titi ƙura tana tashi, 'yan mata suna shewa. A dokar ƙasar nan sai mai shekara 18 ake ba lasin, kuma da yawan masu wannan wasa ba su kai ba. Ba da yaran nake ba a nan, yaro yaro ne. Da kai nake, Alhaji, mai miƙa mukulli kana murmushi wai ɗanka ya iya mota. Iya juya sitiyari daban, sanin lokacin da za a ji tsoro daban, kuma na biyun shekaru ne ke kawo shi. Idan aka samu akasi, 'yan KAROTA ko jami'an kiyaye haɗurra su riƙe mota, a je a yi ta ban baki a karɓo. Ran ɗan wani da aka take kuwa, a wane ofishi ake karɓo shi?

Ba zan wuce wannan babi ban ambaci Majiya ba. A watan Oktoban 2024, a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, tankar mai ta faɗi da daddare, jama'a suka fito ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasu, da yawansu matasa. Bayan wata uku aka sake ganin irinsa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja. Allah ya jiƙansu. Ba na zagin wanda talauci ya kai shi bakin tanka da bokiti. Amma akwai ilimin da duk ɗan ajin kimiyya ya kamata ya kai gida: ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin nan ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, kwanciya yake yi yana bin ƙasa da kwata, ya yi nisa da motar, ba ka ganinsa. Bokitin ƙarfe ya gogi kwalta, ko wani ya tayar da babur, shi ke nan. Wanda ya tsaya kallo daga gefe ma yana cikin tafkin tururin nan. Idan tanka ta faɗi, gudu ake yi, a nufi inda iska ke fitowa, a ja na kusa a tafi da shi.

Shugabannin makarantu kuma, ku tuna Fabrairun 2018, da ɗalibai daga Misau ta jihar Bauchi suka taso ziyarar ƙaro ilimi zuwa Kano, motarsu ta yi karo a hanyar Gaya, aka rasa fiye da mutum 20. Duk wanda zai sa hannu a takardar fita da 'ya'yan mutane, ya fita da kansa ya duba tayoyin motar, ya ƙirga kujeru ya ƙirga kawuna, ya tambayi direba ko ya yi barci jiya. Idan kuwa haɗari ya auku a gabanku, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce 122, kyauta ce. Hukumar nan tun 1988 take, kuma shugabanta na farko marubuci ne, malamin jami'a, Wole Soyinka, wanda ganin yadda hanya ke cin mutane ya dame shi. A kira su maimakon ɗaukar bidiyo. Kada a fizgo wanda ya ji rauni a wuya ko a baya kamar buhun masara, kada a ɗura masa ruwa, inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

(Kiɗa kaɗan.)

Masu sauraro, har yanzu muna tare. Yanzu bari mu shiga cikin aji.

Gab da komawa makaranta a Satumbar 2025, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa da ƙaramar minista Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, ta sanar da sabuwar manhajar da hukumar NERDC ta tsara. Babban abin da aka yi shi ne rage kaya. Ɗan ƙaramar sakandare zai ɗauki darussa 12 zuwa 14, ɗan babbar sakandare 8 zuwa 9. Tarihin Najeriya, da aka taɓa korarsa daga aji har muka yaye yaran da ba su san bambancin Sarkin Musulmi Bello da Sardauna ba, ya zama dole daga aji ɗaya na firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare. A babbar sakandare an narkar da shi tare da ilimin zama ɗan ƙasa da na zamantakewa, suka zama darasi guda. Fasahar kwamfuta ta shiga sahun dole, tare da Turanci da lissafi. Darussan sana'a, da a da sun haura 30, an taƙaita su zuwa 6: haɗa sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noman lambu da amfanin gona.

Ni dai rage darussan nan ya yi mini. Na sha ganin yaro yana rangaji da jaka kamar ɗan dako, littafi 17 a ciki, ba ko ɗaya a kai. Sana'o'in nan shida kuma ba baƙi ba ne a wurinmu. Je ka kasuwar Farm Centre ka ga samarin da ke cin abinci da gyaran waya, ka duba rufin gidaje ka ga yadda sola ta yaɗu, kiwo da lambu kuwa gadonmu ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai koyar, kuma da me. Sauya sunan darasi a takarda aikin yini ɗaya ne a Abuja. Samar da malamin da ya taɓa riƙe farantin sola da hannunsa, a makarantar da ke bayan Sumaila ko Gwarzo, wannan aikin shekaru ne. Na san makarantun da ake koyar da kwamfuta da alli, a zana ta a allo a ce ga linzami ga madannai. In ba a yi hattara ba, haka za a zana sola, yara su haddace sunayen sassanta su ci jarrabawa, su fito ba su iya haɗa waya biyu ba.

Iyaye, ga abin da ya rataya a wuyanku. Sauyin nan ya jawo ruɗani, musamman ga waɗanda suka riga suka yi nisa da tsohon tsari, har aka yi ta muhawara kan darussan da za su rubuta. Kada ku dogara da ji-ta-ji-tar WhatsApp. Ku taka ku je makaranta, ku nemi malamin da ke kula da jarrabawa, a nuna muku darussan da aka yi wa ɗanku rajista baƙi da fari, ku gwada da abin da yake son karanta a gaba. Wanda yake mafarkin likitanci aka manta ba a sa masa kimiyyar sinadarai ba, ba a ranar fitowar sakamako ake gane wannan ba. Ku duba harafin sunansa da ranar haihuwarsa ma, su dace da na lambar NIN, don gyara daga baya wahala ce da kuɗi.

Wani zai ce, to Malam, tunda ana gyaran manhaja, me zai hana a sa kiyaye haɗurra ya zama darasi mai zaman kansa? Ni ban goyi baya ba. Babin nan ya daɗe a littattafan zamantakewa na ƙananan azuzuwa, yara suna haddace alamomin hanya su zuba a takarda, a tashi su yanka titi a guje. Ranar da abu ya zama na haddacewa, ranar ya mutu. Wurinsa yana cikin darussan da muke da su. Mai lissafi ya ba da mita 14 ɗin nan a matsayin aikin gida. Mai fizis ya bayyana dalilin da ya sa wanda bai ɗaura bel ba yake fita ta gilashi idan mota ta tsaya farat ɗaya. Mai sinadarai ya yi bayanin tururin fetur. Malamin Hausa ya sa a rubuta insha'i a kan hanyar gida zuwa makaranta, ina ne wuri mafi haɗari, kuma me ya sa. Mai addini ya yi maganar haƙƙin hanya da nauyin rai. Wannan ba ya jiran kasafin kuɗi ko takardar umarni daga ma'aikata.

Yanzu ku, 'yan aji shida. Shekarar 2025 ta koya mana cewa ko hukumomin jarrabawa kansu suna tuntuɓe. A ƙarshen Mayu takardar Turancin WAEC ta makara a wurare da dama, yara suka rubuta ta cikin dare da tocila da fitilar waya, sannan suka kama hanyar gida a cikin duhu. Da sakamako ya fito aka ce kashi 38 cikin 100 ne suka samu kiredit biyar haɗe da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta gano kuskure wajen maki, adadin ya koma wajen kashi 63. A JAMB kuma, shugabanta na lokacin Farfesa Ishaq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida har da hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas, aka sake musu. Ba don in tsorata ku na kawo wannan ba. Na kawo ne don ku tafi da guzuri: 'yar tocila a jaka, kuɗin mota na ko-ta-kwana, lambar wani babba a kai ba a waya kaɗai ba. Idan kuma sakamako ya zo ba yadda ake zato ba, a bi ta makaranta a yi ƙorafi kafin a yanke ƙauna ko a hau yaro da duka.

JAMB tambaya 180 ce a minti 120: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Raba ka gani, daƙiƙa 40 ce rabon kowace tambaya. Wanda ya tsaya kokawa da guda ɗaya minti biyar, ya sayar da bakwai. Ka wuce ta, ka kwashe masu sauƙi, ka dawo. Tun 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, WAEC ma ta fara gwada kwamfuta da ɗalibai masu zaman kansu tun 2024, kuma can aka dosa. Yaron da bai taɓa zama gaban na'ura ba, tsoro kaɗai zai cinye masa minti goma. Alhali abin ba wuya: harafin A, B, C ko D don zaɓar amsa, N don gaba, P don baya. A kai shi shagon kwamfuta ko sau uku ne ya saba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Karatun kansa kuwa, maimaita karanta shafi har ka ji kamar ka iya yaudarar kai ce. Rufe littafin, ɗauki farar takarda, rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi kuskure. Almajiran allo sun riga mu sanin wannan: sai an kife allo an kawo hadda ake sanin wanda ya iya. Ɗauko tambayoyin shekarun baya, ka sa agogo a gaba, ka amsa kamar da gaske. Awa ɗaya kullum har wata uku ta fi kwana uku ba barci. Masu cewa a turo kuɗi za su turo amsa a waya da tsakar dare, yawancinsu 'yan damfara ne, wanda kuma ya dace da ta gaskiya, sakamakonsa ne za a riƙe, wani lokaci har na makarantar baki ɗaya.

Daren jajibiri, wanda ɗalibata ta kwana ido biyu, ga yadda nake so ya kasance. Bayan sallar isha'i a rufe littafi. A haɗa biro biyu, fensir, katin shaida da takardar shiga, a ajiye wuri ɗaya. Mama, ke ce mai tashinsa, ke ce kuma mai hana shi shan abin hana barci, ko kofi ne ko ƙwaya. Idan cibiyar JAMB a wata unguwa take ko a wani gari, a je a gano ta tun kwana ɗaya kafin ranar, a san mota nawa za a hau, a san ta wane hannu ƙofarta take. Idan da nisa, gara a kwana a gidan dangi da a yi sammakon duhu a motar da direbanta ke tseren lodi na biyu. A fita da rarar minti 30. Yawancin gangancin da yaro ke yi a kan titi ranar jarrabawa, daga agogo yake farawa.

Lokaci ya ƙure mana, ga mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. Amma malami ba ya fita aji bai ba da aikin gida ba. Shugabannin makarantu da malaman da ke kan aiki a wannan mako, gobe bayan taron safe ku fita da aji ɗaya bakin ƙofa, ta cikin gefen da babu mota. A sa dutse a ƙasa, babban ɗalibi ya yi taku 14 manya, a sa dutse na biyu, ya ƙara 14, a sa na uku. Ku ce musu daga na farko zuwa na biyu direba bai ma taɓa birki ba, sai a na uku motar za ta tsaya, in gudun doka yake yi. Sannan a sa ɗaya daga cikinsu ya tsallaka faɗin da ya kai na titinku a cikin harabar makaranta, wani yana ƙirga daƙiƙoƙi, su lissafa da kansu nisan da ya kamata mota ta kasance kafin su sa ƙafa. Ku rubuto mana amsar da kuka samu, da sunan titin, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri.)